Iyakar da Bappa Jalo Ke Ɗauka a Kafaɗa

Samarin da ke aiki a shagon ɗan ƙanena nan Anka, inda ake buga allo da na'ura, sun sha gaya mini cewa sana'ata ba ta da wuya. Wai me ke ciki, ka tsoma buroshi a fenti ka ja. Ba na musu da su, domin abin da nake kwanaki a kansa na'urarsu kafin azahar ta gama shi. Sai dai na'urar ba ta taɓa zuwa inda allo zai tsaya ba. Ni na je, kuma ba kullum na je da hankalina ba. Allah Ya yafe mini.

A Gummi na koyi aikin, wajen Maigida Ɗanjumma, wani siririn dattijo mai rumfa a bayan tasha. Na daɗe a hannunsa kafin ya bar ni in ja harafi ko ɗaya. Aikina goge kwano da samfefa har tsatsa ta fita, da shafa masa jan fentin da ke hana ta dawowa, da tace fenti da tsohon ƙyalle, da wanke buroshi cikin kananzir. Buroshin rubutu ba a jingine shi a kan gashinsa, kwantar da shi ake yi. Layi kuwa da zare ake fitar da shi. A shafa wa zaren alli, a ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiyarsa a saki, sai ya bar farin layi a jikin allo. Akwai kuma wata sanda mai dunƙulen tsumma a baki, wadda ake dogara ta a allo a ɗora hannu, don kada hannu ya yi rawa ko ya taɓa ɗanyen fenti. Har yau tana rataye a ɗakina, ta yi baƙi da gumi.

Allon farko da ya ba ni in rubuta na wata firamare ne. A kansa ya koya mini cewa allon gwamnati yana da jeri, kuma ba a tsallake jerin. Can sama Tarayyar Najeriya, da manyan haruffa. Ƙasa da ita jiha, ɗaya daga cikin talatin da shidan da muke da su yanzu, ban da Abuja wadda ba jiha ba ce, ba ta da gwamna, ta kowa ce. Ƙasa da jiha ƙaramar hukuma, kuma a jiharmu ta yanzu guda goma sha huɗu ne. Sai mazaɓa, inda kansila ke fitowa. A ƙarshe sunan ƙauyen, da haruffan da sai ka matso za ka karanta. Ya ce akwai wani jerin da ba a cika rubutawa ba, amma shi mutanen ƙauye suka fi sani, wato sarki, da uban ƙasa, da hakimi, da mai unguwa. Jeri biyun nan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wani wuri su haɗu, wani wuri su saɓa.

Karatuna bai yi nisa ba, Turancin da ke allo zana shi nake yi harafi harafi kamar mai zanen hula. Amma ina da yawan tunani, kuma shi ne babban aibina. Idan ina rubuta wannan jeri sai in riƙa ganin ƙoren Innata da take jerawa ɗaya cikin ɗaya a kan rumbu, babbar ƙwarya ta rungumi ta tsakiya, ta tsakiya ta rungumi ƙarama, har zuwa ɗan ƙoƙon da ake shan ruwa da shi. Sai in ga ƙasar nan duka haka take, kuma mu muna zaune can cikin ɗan ƙoƙon muna kallon sama. Ina cikin wannan sai fenti ya zuba a kan layi, Maigida ya ɗaka mini tsawa.

Lokacin da aka cire Zamfara daga Sakkwato ina hannunsa. Mutane sun kwana a wata jiha sun tashi a wata, ba wanda ya gusar da gadonsa. Mu kuwa muka hau tsani, makaranta makaranta, asibiti asibiti, muna shafe tsohon suna muna rubuta sabo. Maigida ya ce shafi biyu na farin fenti, a bar na farko ya bushe sosai. Ni na riƙa yin ɗaya idan ba ya kusa. Damina ɗaya aka yi, sai ga Sakkwato tana leƙowa daga ƙarƙashin Zamfara a duk allon da na taɓa, kamar fuskar mutum a cikin ruwa. Bai doke ni ba. Ya miƙo mini gwangwani da tsani ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙafa.

Bayan na dawo Anka na buɗe tawa rumfar, aka ba ni aikin wani allon kan iyaka, tsakanin ƙaramar hukumar Anka da ta Bukkuyum, a wata hanyar daji da ke ratsa Tungar Gawo Biyu. Irin wannan allo fuska biyu gare shi. Wanda ya fito daga yamma zai karanta barka da zuwa Anka, wanda ya fito daga gabas zai karanta barka da zuwa Bukkuyum. Kwano ɗaya ne, kaurinsa bai kai farce ba, amma ƙananan hukumomi biyu ne suka jingina da shi baya da baya. Na yi shi da koren fenti da farin rubutu, na kai wa mai walda ya sa masa ƙafa ɗaya ta bututun ƙarfe.

Ranar kafawa wani wakilin hakimi ya raka ni a babur, ya nuna mini bakin wata korama gabas da tungar, ya ce nan, ya juya. Ban tambaye shi ko koramar ce iyaka ko wani abu daban ba. Rana ta yi zafi, ruwan kwaɓa siminti yana da nisa, wasu fararen balbelu kuma suna bin shanu a ƙetare, na tsaya ina kallonsu ina tunanin ko su ma sun san sun bar wata hukuma sun shiga wata. Ramin da ya kamata ya kai ƙugu na tsaya da shi a gwiwa. Na yayyafa ɗan siminti a bakinsa yadda ido zai gani, na tattara kayana. Ko gaisawa da mutanen tungar ban tsaya yi ba.

Shekaru suka wuce. Aka zo shekarun da gubar dalma ta kwantar da yara a Bagega da wasu garuruwa, kowa ya shiga tsoron ruwan tafki da ƙurar dutse, maganar rijiyar burtsatse ta zama maganar kowane zaure. A ƙarshen wani rani aka ba ni allon wata rijiya in rubuta, sai na ga sunan Tungar Gawo Biyu, ƙaramar hukumar Bukkuyum. Aka ce in je Bukkuyum in bi motar haƙa, in kafa allon idan an gama.

Shugaban masu haƙan wani ƙaƙƙarfan mutum ne da kowa ke kira Injiniya, mai yawan duban sama. A hanya ya gaya mini cewa wannan ce rijiya ta ƙarshe a bana. Hadari ya fara taruwa a gabas, kuma idan aka yi ruwa ɗaya mai ƙarfi motarsa ba za ta fita daga wannan laka ba sai kaka. Idan yau ba a fara ba, akwai wani gari a bakin kwalta da ke jira. Ni ina bayan mota a kan bututai, rungume da allona, ina kallon hanya tana rawa cikin zafin bazara kamar akwai tafki a gaba, mu isa mu tarar ba komai.

Mun hau wani tudu, rufin bukkokin tungar ya bayyana a ƙasa tare da gawo biyun, sai motar ta tsaya. Na leƙo. A gefen hanya, a kan tudun, ga allo tsaye, kore, awaki kwance a inuwarsa. Barka da zuwa ƙaramar hukumar Anka. Rubutun hannuna ne, na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Na ji kamar a mafarki nake, domin na bar shi a bakin korama bayan gari, ga shi ya riga ni zuwa gaban gari.

Injiniya ya sauko ya karanta, ya dubi tungar, ya ce a juya mota. Aikin na Bukkuyum ne, garin nan kuwa ga shi a cikin Anka. Ya ce ya taɓa ganin wanda ya haƙa rijiya a ƙetaren iyaka, masu aikin suka ce ba tasu ba ce, masu ƙasar suka ce ba su suka sa ba, mutumin bai sake samun aiki ba.

Kafin direba ya samu wurin juyawa mutanen tungar sun hauro tudun, maza da mata, manoma da makiyaya, don gari ne da Hausawa da Fulani suka daɗe tare. Wata tsohuwa mai suna Inna Hajo ta zo da ƙwarya a hannu, ta miƙa wa Injiniya. Ruwan da suke sha ne, wanda mata ke tona rami a yashin korama su jira ya tsatso. Launinsa kamar kunun da aka tsinka. Ya duba ya kawar da kai, ya ce shi ba shi ya raba ƙasa ba.

Na ce masa ni na rubuta allon nan, kuma ba a nan na kafa shi ba. Ya ce to a ina. Na ce bakin korama. Ya ce koramar tana da tsawo, a wane wuri, kuma wa ya ce koramar ce iyaka, zan iya rantsuwa? Na rubuta sunayen ƙananan hukumomi sun fi a ƙirga, amma ban taɓa tambayar inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Abin da na iya tunawa daga ranar balbelu ne kawai.

Ana haka aka hauro da wani tsoho a kan jaki, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma. Shi ne Bappa Jalo, babban makiyayan tungar, ɗansa Buba na riƙe da igiya. Da aka gaya masa abin da ake ciki bai damu ba. Ya ce ai shi ya kawo allon nan. A daminar farko ruwa ya tumɓuke shi, ya tsince shi kwance cikin yashi can ƙasa, ya wanke shi, ya hauro da shi tudu. Da ruwa ya janye ya mayar da shi raminsa. Tun daga nan haka yake yi kowace shekara, idan shanu za su hau tudu allo ya hau tare da su, idan za su gangara ya gangara. Bana ne gwiwa ta kama shi tun kaka, kuma bai yarda wani ya taɓa ba.

"Kayan gwamnati na," in ji shi. "Ba a barin shi ya kwana cikin ruwa, kuma ba yaro ka ɗaukar shi ba."

Buba, wanda a lokacin yana da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ya sunkuyar da kai, jama'a suka yi dariya. Injiniya ya ce wato kenan rabin shekara suna Anka rabin shekara suna Bukkuyum. Bappa ya ce su dai suna inda suke, allo ne ke tafiya. Injiniya ya tambaya ina suke jefa ƙuri'a, aka ce masa mazaɓar Bukkuyum. Wane hakimi suke kai wa gaisuwar salla, aka faɗa masa, shi ma na can ne. Ya ce duk ya ji, amma baki ne. A nuna masa abin da ido zai gani, kuma kafin la'asar.

Bappa ya ce a tuge allon. Buba ya kama, ya girgiza, ya zare shi. Tsohon ya ce a ɗora masa a kafaɗa a kan jakin, aka yi ta roƙonsa, a ƙarshe ya yarda Buba ya ɗauka shi kuma ya riƙe gefe da hannu ɗaya. Haka muka gangara, jaki a gaba, allo a sama, gari duka a baya.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma har yau idan na rufe ido ina ganinsa. Iyaka tana tafiya a tsakiyar gari a hankali, inuwarta na bin katangun zana, duk gidan da ta wuce ya koma Bukkuyum. Wani mai faci ya leƙo ya ce a dakata ya sa hula, bai taɓa barin ƙaramar hukuma ba hula ba. Wani ya ce wa maƙwabcinsa yanzu shi baƙo ne, sai ya yi sallama kafin ya yi masa magana. Da muka zo daidai gidan Inna Hajo jakin ya tsaya cin kara, allon ya tsaya a tsakiyar ƙofarta. Buba ya ce mata ɗakinta ya iso Bukkuyum amma murhunta yana Anka.

"To ku ja jakinku," in ji ta. "Tuwona ba shi ƙetare iyaka da yunwa."

Ni ina baya ina dariya tare da su, amma idona na gabas, domin ta yi baƙi kuma Injiniya sai duban sama yake yi.

A bakin korama Bappa ya nuna wani tsohon turmi da aka kife a ƙasa, rabinsa a cikin yashi. Ya ce shi yake kifawa a kan ramin duk shekara don kada yashi ya cike shi. Aka ɗaga turmin. Ga rami, bai wuce gwiwa ba, a bakinsa ga wani ɗan zoben siminti, siriri, ya tsattsage kamar ƙanzo. Injiniya ya durƙusa ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya ɓalli guntu ya murza a yatsa. Ya ce wannan ba aikin makiyayi ba ne, aikin ɗan kwangila ne, kuma malalaci. Ya ɗago ya dube ni. Na ce ni ne. Buba ya zura ƙafar allon ta zauna daram, da tsohon tabon simintin da ke jikin ƙarfen daidai da bakin ramin.

Injiniya ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya aika a gaya wa direba ya gangaro da mota.

Kwana suka yi suna haƙa kusa da gawo biyun, hadari na taruwa yana watsewa, Allah Ya riƙe ruwan sama har na ƙasa ya fito. Da farko ja ne, sannan ya yi fari. Inna Hajo ta zubar da abin da ke ƙwaryarta ta tara. Na kafa allon rijiyar, ramin har ƙugu, da jerinsa cikakke tun daga Tarayya har zuwa sunan tungar, wanda na ƙara wa girma fiye da yadda Maigida ya koya mini.

Kafin mu tafi na ce wa Bappa akwai ragowar siminti, bari in gyara aikina, in ɗaure allon iyaka yadda ba ruwan da zai motsa shi. Ya kalli koramar. Ya tambaye ni har ina ruwa ke kaiwa a watan da ya fi cika, na ce ban sani ba. Ya nuna wuyansa.

"In ka ɗaure shi, wa ka hidda shi ran da ruwa ya zo?"

Na duba allon. Duk allunan da na kafa a shekarar da na kafa shi sun yi tsatsa, wasu an yi ƙofar akurki da su. Wannan ko kwarzane babu, har ƙarfen yana ƙamshin man shanu. Na mayar da simintin mota.

Muguwar shekarar sana'armu ta zo daga baya, lokacin da hanyoyin daji suka rufe saboda masu bindiga. Ba mai sa a rubuta allon gari alhali mutanen garin suna fita. Na koma rubuta lamba a jikin babura da suna a ƙofar masu injin niƙa. Fenti ya yi fata a gwangwani. Sunayen ƙauyukan da na rubuta da ƙananan haruffa sai na riƙa jinsu a bakin mutanen da ke sauka a tasha da tabarmi a ka. Na ji an ce Tungar Gawo Biyu ma ta tashi, ban san inda suka nufa ba.

Wata safiya wani mutum ya yi sallama a rumfata, ya rame, sai da ya yi murmushi na gane Buba ne. Bayan gaisuwa ya ce Bappa ya rasu tun kafin tashin, a gidansa, a ɗakinsa. Muka yi masa addu'a. Sannan ya tambaya ko ina da ɗan kore da ɗan fari.

Ya kai ni bayan gari, wani kango da ba a gama ba, inda gidaje da yawa na tungar suka raba ɗakuna da buhuna suka kewaye da zana. A bakin shiga, inda zanar ta bar ƙofa, ga allon tsaye an tokare shi da duwatsu. Gefe ɗaya ya lanƙwashe, rubutun ya kankare inda igiya ta ci shi. Buba ya ce jaki ɗaya gare su a ranar tashin, ya bar gadonsa ya ɗauko allon. Ya kife turmin a kan ramin kafin ya fito. Rijiyar ma tana nan, sun ɗaure hannun famfonta da igiya.

Na lura da yadda suka tsayar da shi. Wanda zai shiga daga titi zai karanta barka da zuwa Bukkuyum. Wanda zai fito zai karanta barka da zuwa Anka. Ba wanda ya koya musu, kuma daidai ne.

Na miƙe lanƙwasar da guduma, na goge, na shafa kore, na zauna a inuwa har ya bushe, na ƙara shafi na biyu. Na ja zare na saki. Na ɗora hannu a kan sandata na bi haruffan ɗaya ɗaya, kuma ran nan hankalina bai je ko'ina ba.

Da na gama wata murya daga ciki ta ce mai fenti ya shigo. Na sunkuya na wuce ta gefen allon. Inna Hajo ce zaune a kan tabarma, idonta ya yi rauni, da ƙwaryar nan tata a gabanta. Ta tura mini ita.

"Sha, ɗana. Ruwan Anka na, amma Bukkuyum kaka shan shi."